Kyamarar tsaro da aka bari a buɗe ta fi rashinta haɗari

1/ Jama'a, duk mai CCTV a gida ko shago da yake kallo ta waya, wannan zaren naka ne. Ra'ayina: mai haɗa kyamara da ya buɗe mata ƙofa kai tsaye zuwa intanet bai gama aiki ba. Kar a ba shi cikon kuɗinsa.

2/ Rawutar gidanka tana da fayawol, wato katangar da ke tare na waje. Kai kana fita intanet, baƙo ba ya shigowa. Don oga ya ga shago daga Abuja ko Makka, sai mai haɗawa ya huda katangar nan ya bar ƙofa.

3/ Ƙofofin da lambobinsu: 80 ta shafin shiga, 554 ta bidiyo, 8000 a na'urorin Hikvision, 37777 a na Dahua. Wani ma don sauri sai ya jefa DVR ɗin cikin DMZ. Shi ke nan, duk ƙofofin na'urar a wangale.

4/ Za ka ce wa ya damu da ɗan shagona a Kwari? Ai ba mutum ne ke neman ka ba. Manhajoji ne ke bin adireshin intanet ɗaya bayan ɗaya, dare da rana. Akwai ma shafin Shodan, aikinsa jera na'urorin da ke buɗe.

5/ A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya riƙa nuna kyamarori sama da 73,000 kai tsaye, har da na cikin ɗakunan mutane. Ba wata dabara aka yi ba fa, kalmar sirrin kamfani ce masu su ba su canza ba.

6/ A 2016 kuma ƙwayar Mirai ta kame dubban kyamarori da DVR da kalmomin sirri kusan 60 kacal, irin su admin/admin. Da su aka kai wa kamfanin Dyn hari ranar 21 ga Oktoba, Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane da yawa.

7/ Kalmar sirri mai ƙarfi ma ba ta isa ba. A 2021 an gano ɓaraka a na'urorin Hikvision da ke ba da damar ƙwace su ba tare da ita ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma tsakani da Allah mutum nawa ke sabunta manhajar DVR?

8/ Abin da za ka sa a yi maka:
- a rufe duk ƙofofin da aka buɗe
- a kashe DMZ da UPnP, don UPnP na barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa
- a sabunta manhaja
- a ware wa kyamarori layinsu daban
- shiga daga nesa ya zama ta VPN, kamar WireGuard ko Tailscale

9/ Na san za a ce VPN wahala ce ga Alhaji. Gaskiya saitin farko sai wanda ya iya. Amma sau ɗaya ne, bayan nan maɓalli ɗaya zai taɓa kafin ya buɗe kyamara.

10/ Masu rawutar SIM, sau da yawa buɗe ƙofa ba ya ma aiki a layinku, shi ya sa ake haɗa muku ta Hik-Connect ko DMSS. To a nan akawun ɗin ne makulli. Da lambar wa aka yi rajista? In ta mai haɗawa ce, shi ma yana iya kallo. A mayar da shi taka, ka canza kalmar sirri da hannunka.

11/ Kakanninmu sun yi zaure don kada baƙo ya ga tsakar gida. Kyamarar nan tana ɗaukar iyali ba mayafi, tana nuna lokacin da gida ba kowa da inda ake ajiye ciniki.

12/ Yau ka kira wanda ya haɗa maka, ka tambaye shi: waɗanne ƙofofi ka buɗe a rawuta? In ya fara kame-kame, zare wayar intanet daga DVR ɗin. Zai ci gaba da naɗa, kallo daga nesa ne kawai zai tsaya har a gyara. Ku tura wa Baba da yayyenku masu shago.