Bishiyar Kirsimeti da gobara: ta gaske ko ta roba, ina haɗarin yake?

Duk ƙarshen shekara muhawara ɗaya ke dawowa a Amurka: wace bishiyar Kirsimeti ce ta fi aminci, wadda aka sare daga gona ko ta roba? Ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, NFPA, ta ƙiyasta cewa gidaje kusan 150 ne ke kama wuta a shekara ta dalilin waɗannan bishiyoyi. Adadin bai taka kara ya karya ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330, sai dai irin wannan gobara tana saurin kisa.

Bishiyar gaske, wadda jihohin Oregon da North Carolina suka fi nomawa, ba ta saurin kamawa muddin gindinta na cikin ruwa. Idan ta bushe kuwa, gwaje-gwajen hukumar NIST sun nuna cewa wuta na iya mamaye ɗaki cikin ƙasa da minti ɗaya. Haka ta faru a Annapolis a Janairun 2015, inda matsalar lantarki ta kunna busasshiyar bishiya, mutum 6 suka mutu.

Ta roba, wadda galibi daga China ake shigo da ita, ba ta bushewa, amma ita ma tana ci da wuta, kuma robar PVC idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba. Tsohuwar waya da soket da aka ɗora wa lodi suna iya kunna kowacce daga cikinsu.

A nan ne batun ya shafi hukuma. Ranar 5 ga Janairun 2022, gobarar da ta fara daga bishiya ta kashe mutum 12, ciki har da yara 9, a wani gidan haya na gwamnati a Philadelphia. Bincike ya gano cewa mafi yawan na'urorin gargaɗin hayaƙi na gidan ba sa aiki. Tun a 1924 aka ga irin haka a makarantar Babbs Switch da ke Oklahoma: kyandir ya kunna bishiya, mutum 36 suka mutu saboda ƙofar ciki take buɗewa. Bayan nan jihar ta wajabta ƙofofi masu buɗewa waje.

Ke nan, bishiya ce ke tayar da wutar, amma yawan waɗanda ke mutuwa ya danganta ne da dokar gini da kuma aiwatar da ita.

A Jos da Kaduna, inda ta roba ta fi yawa, bikin na zuwa ne lokacin hunturu, ga kuma wutar lantarki da kan dawo da ƙarfi. Cire fitilun ado kafin barci yana hannun magidanci. Hana shigo da fitilu marasa inganci kuwa aikin hukumar SON ne, kuma ya dace a tambaye ta inda aka kwana.