Takarda Kafin Kwamfuta

A takarda ya kamata a fara gina manhajar da ke haɗa hoto da sauti da bidiyo. Da farko a zana shafukan a jere, dabarar da kamfanin Walt Disney ya bunƙasa a shekarun 1930, a nuna mazaunin rubutu da maɓallai da muryar da za ta tashi. Sai taswirar matakai, inda kibiyoyi ke nuna shafin da kowane maɓalli zai kai mutum. A nan ake gano shafin da ba shi da hanyar komawa baya. Gyaransa da fensir minti ɗaya ne, amma bayan an naɗi murya an rubuta manhajar, sai ya ci kwanaki da kuɗi. Mai tsallake wannan mataki kansa yake cuta.