Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin bankunan Najeriya



Ni akawu ne, ina riƙe wa 'yan kasuwar Kantin Kwari lissafi. Kukana a kan bayanan asusu da kuke aiko mana ne. Mafi yawanku PDF kuke bayarwa, alhali manhaja irin QuickBooks fayil ɗin CSV take karɓa, mai jere uku ko huɗu: kwanan wata, bayani, kuɗi.

In ma an samu CSV ɗin, wahala ba ta ƙare ba. Mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa kuma wata, sai 03/04 ta tashi daga 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris, cinikin wata guda ya faɗa wani watan. Waƙafin da ke cikin 1,250,000 yakan tsinka adadin gida uku. Excel kuwa yana haɗiye sifilin farko na lambar asusu mai lamba 10, ya lalata lambar tura kuɗi mai lamba 30, don ba ya riƙe sama da 15. Daren jiya sai ƙarfe 2 na kwanta, ina farautar naira 48,000 da ta ɓace tsakanin layuka.

Tun 2023 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin musayar bayanan banki. Don Allah ku haɗa kai kan tsari ɗaya: shekara, wata, rana, adadi babu waƙafi, shiga da fita kowanne a jerensa.

Naku,
Wani akawu a Kano