Maganin ciwon ido da ake shafa wa jarirai masu jan tabo: Wa yake yi wa aiki, wa yake cutarwa?

Sau da yawa ba a haihuwar jariri da shi. Sai bayan suna da mako ɗaya ko biyu uwa za ta lura da wani ɗan jan ɗigo a goshi ko kunci ko bayan jaririnta. Kafin a yi arba'in ya kumbura ya yi jajir, a jikin baƙin yaro kuma yakan ja zuwa ruwan hanta.

Likitoci na kiran wannan tabo hemanjiyoma, wato curin ƙananan jijiyoyin jini da suka yi yawa a wuri guda. Ba kansa ba ce, kuma yana samun kusan jarirai huɗu zuwa biyar cikin ɗari, musamman mata da bakwaini.

Yadda yake girma

Tabon ya fi saurin girma a watanni ukun farko, ya rage gudu wajen wata na biyar, sannan daga kusan shekara ɗaya ya fara sacewa da kansa. Shi ya sa aka daɗe ana ce wa iyaye su ƙyale shi, kuma ga yawancin yara wannan shawara daidai ce.

Matsalar ita ce inda ya fito. Wanda ke kan fatar ido na iya tare gani har idon ya raunana. Na haɓa da wuya na iya zuwa tare da wani a maƙogwaro da zai toshe numfashi. Na leɓe da na matsematsi kan fashe ya zama gyambo mai zafi. Idan kuma tabon ya kai biyar ko fiye a jiki, likitoci kan yi hoton hanta domin a nan ma yana fitowa.

Daga maganin zuciya zuwa na ido

A 2008 likitoci a birnin Bordeaux na Faransa, ƙarƙashin Dakta Christine Léauté-Labrèze, suka ba da rahoton wani abin da suka gano ba da niyya ba. Sun bai wa wani jariri maganin zuciya na propranolol, sai suka ga tabon da ke hancinsa ya fara sacewa. A 2014 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ruwan maganin mai suna Hemangeol, kuma shi ne kan gaba a yau wajen tabo mai haɗari.

Sai dai maganin sha yana ratsa jiki duka. Yana iya rage bugun zuciya da sukarin jini, ya kawo shaƙewar ƙirji. Wannan ya sa aka koma kan ɗan'uwansa timolol, maganin ɗigawa na hawan jinin ido da ake amfani da shi tun 1978. A 2010 aka wallafa rahoton farko na shafa shi a kan tabon jariri. Ana ganin yana tsuke jijiyoyin jinin, ya kuma hana sababbi tsirowa.

Me bincike ya nuna?

A nan ne masana suka rabu. Wani gwaji da aka yi kan jarirai 41 a Sydney ta Ostireliya, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna maganin ya rage girma da launin ƙananan tabo. A 2019 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce likita na iya rubuta shi ga tabo marar kauri da ke saman fata.

Amma a 2021 wani gwajin a Sifaniya kan jarirai 69 da ba su wuce kwana 60 ba ya gano cewa bayan mako 24, yawan waɗanda tabonsu ya ɓace bai bambanta sosai ba tsakanin waɗanda aka shafa wa timolol da waɗanda aka shafa wa ruwan da babu magani a ciki.

Dalilin wahalar yanke hukunci a fili yake: tabo ne da ke bajewa da kansa, don haka duk abin da aka shafa masa zai iya cin yabon da ba nasa ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne, maganin shafawa ba ya isa tabo mai kauri ko mai zurfi. Jaririn da ke buƙatar maganin sha, idan aka tsaya ana shafa masa na ido, zai iya rasa makonnin da magani ya fi aiki, ya tashi da tabo na dindindin.

Haɗarin sayensa a kemis

A Najeriya da Nijar ba wuya a samu timolol a shagon magani, kuma ba shi da tsada. Wannan sauƙi shi ne abin tsoron. Maganin na ratsa fata ya shiga jini, musamman idan tabon ya fashe, ko yana kusa da ido ko baki, ko jaririn bakwaini ne. An samu jariran da bugun zuciyarsu ya ragu ko numfashinsu ya riƙa ɗaukewa. Shi ya sa likitoci kan tsaya a ɗigo ɗaya sau biyu a rana, bayan sun duba zuciya da ƙirjin yaron.

Haka nan ba kowane jan tabo ne hemanjiyoma ba. Akwai shimfiɗaɗɗe da ake haihuwar yaro da shi, wanda ba ya kumbura a jarirantaka kuma ba ya ɓacewa. Shi timolol ba ya yi masa aiki, da hasken leza ake rage shi. Kai jariri wurin wanzami a yi masa tsaga ko sakiya kuwa na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, tunda curin jijiyoyin jini ne.

Likitocin yara na Amurka na so ƙwararre ya ga tabo mai haɗari tun jariri na da wata ɗaya, lokacin da mai jego a ƙasar Hausa ba ta gama wanka ba. Saboda haka tabon ido ko hanci ko leɓe ko wuya bai kamata ya jira arba'in ba. Sauran kuwa, ranakun rigakafi na mako 6 da 10 da 14 dama ce ta nuna wa ma'aikatan lafiya, tare da hoton tabon da aka riƙa ɗauka a waya duk mako domin a ga saurin girmansa.