A Auna Tsakuwa da Mudun da Ya Dace da Ita

Mai sayen shinkafa a kasuwar Kura ba ya zazzage buhu. Tafi ɗaya zai ɗiba ya san abin da ke ciki, domin ƙwayoyin kusan girmansu ɗaya ne. Amma ƙasa mai tsakuwa ba haka take ba, kuma da ita ake cike gefen magudanan ruwa da hanyoyin gonaki a yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, yake ciyar da dubban iyalai.

Kafin a yi cikon, akan kai samfurin ƙasar ɗakin gwaji a danna shi da na'ura, a ga nauyin da zai ɗauka. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce kaurin samfurin ya ninka tsakuwa mafi girma da ke cikinsa sau 6 aƙalla. Watau tsakuwa mai milimita 50 tana bukatar samfuri mai kaurin milimita 300, alhali ƙananan na'urori na milimita 38 ne zuwa 100. Idan aka cusa manyan duwatsu a ƙaramin mazubi, sai su tokare juna, ƙasar ta nuna ƙarfin da ba ta da shi. Idan kuwa aka rairaye su aka zubar, to, wata ƙasa dabam aka gwada, ba wadda motoci za su juye a wurin aiki ba.

Takardar sakamako ba ta tare ruwa. In ciko ya lotsa, magudana ta ɓalle a tsakiyar rani, alkama da tumatirin talaka ne za su ƙone. Jama'ar Kano ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba, sun san ɓarnar ruwa in ya ƙwace.

Saboda haka ya kamata Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta sa sharaɗi a kowace kwangila, cewa a rubuta girman samfuri da girman tsakuwar da aka gwada. Ma'aikacin da zai sa hannu ya nemi waɗannan lambobi biyu tukuna. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello kuma a taimaka musu da manyan na'urori, ɗalibai su koya da hannunsu. Na'urar tana da tsada, amma araha ba ta ado.