Zauren Sana'a: Fitilar mota mai ƙifta ido

 Zancen wanga wata, zancen fitilar mota ne.

Wani zai ce: ina ruwan manomi da fitilar mota, shi da ba shi da ko taya? Da ruwansa ƙwarai. Kasuwar Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, ta Damagaram ranar Alhamis, ta Tawa ranar Lahadi. Kasuwa ba ta watsewa sai yamma, motar ƙauye kuwa ba ta tashi sai ta cika. Saboda haka cikin dare manomi yake komawa gida, zaune bisa buhuna. Makiyayi yakan ƙetare hanya da bisashe bayan magariba. Mai amalanke yana tafe gefen kwalta, ba shi da haske. Rayukan waɗannan mutane duka suna rataye ga ƙwan fitila biyu na gaban mota.

Ga lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. In fitila ta ɗauke daƙiƙa 2 kaɗai, mota ta yi fiye da mita 30 direba bai ga komi ba. Cikin mita 30 ana iya tarar da saniya, ko amalanke, ko rami.

TSOHO DA DIREBA

Ga misali. Ranar wata kasuwa, wani tsohon manomi ya samu kujerar gaba saboda ciwon ƙafa. Da mota ta bar kwalta ta hau burji, sai ya ga haske yana zuwa yana ɗaukewa. Ya ce ma direba:

— Yaro, fitilar nan taka tana ƙifta ido.

— Baba, haka take yi. Yau sati biyu ke nan. In an shiga hanya mai kyau sai ta daina.

— To, tsaya garin gaba ka sauke ni. Gara in kwana a tasha da in kwana a likita.

Fasinjojin baya suka ji, suka goyi bayan tsoho. Direba ya tsaya ba da son ransa ba. Aka kira mai gyaran wutar mota na garin. Bai taɓa komi ba sai da ya yi ma direba tambaya uku. Sannan ya buɗe gaban mota, ya haska batir da tocila. Kan batir ɗaya ya saki, farin gari ya rufe shi. Ya wanke shi, ya ɗaure da sifana mai lamba 10. Kafin fasinjoji su gama sallar isha'i, fitila ta tsaya cak.

Abin da ya kusa halaka mutane, noti ɗaya ne. Sau da yawa haka abin yake: ciwon ƙarami ne, in an san inda za a nema.

YADDA WUTA TAKE TAFIYA CIKIN MOTA

Batir rumbu ne: ajiya yake yi. Dinamo, wanda masu gyara ke kira altarnatar, shi ne gona: shi ke samar da wuta in inji yana aiki, ya ba fitila, ya mayar ma batir abin da aka ɗiba. Abin da ke juya dinamo wata igiya ce ta roba, fanbel, wadda inji ke ja. Akwai kuma ɗan mai gadi da ake kira regilatar. Shi ke hana wuta yin yawa ko yin kaɗan.

Wuta tana fita daga batir ta bi waya zuwa ƙwan fitila. Amma zuwa kaɗai bai isa ba, tilas ta komo. Hanyar komowarta ƙarfen jikin mota ne. Don haka ake ɗaure wata waya mai kauri daga batir zuwa jikin mota. Ita ake kira mas. Duk inda hanyar zuwa ko ta komowa ta saki, ko ta yi tsatsa, wuta za ta riƙa yankewa tana dawowa. Ƙifta ido ke nan.

TAMBAYA TA 1: WACE FITILA KE YI?

In ƙwai ɗaya ne kaɗai ke ƙiftawa, ciwon yana kusa da shi. Ko zaren cikin ƙwan ya kusa tsinkewa, ko mazauninsa ya saki, ko ƴar wayar mas tasa ta yi tsatsa. A sauya su: na dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama. In ciwon ya bi ƙwan, a sayi sabo. In ya tsaya inda yake, a duba mazauni da wayoyin wajen. Mazaunin da ya yi baƙi ko ya narke, canza shi ake yi.

In duka biyu suna yi tare, amma ƙananan fitilun gaban direba suna tsaye, to a duba abin da su biyun suka haɗa: makunni, da fis, da ɗan akwatin nan da ake kira rele.

In kuwa komi na mota yana ƙiftawa, har fitilar ciki, ciwon yana tushe: kan batir, ko babbar wayar mas, ko dinamo.

TAMBAYA TA 2: YAUSHE TAKE YI?

In sai an shiga gargada take yi, wani abu ne ya saki. Hanyar burji tana kwance noti kamar yadda tafiya ke kwance ɗaurin kayan jaki. A tsayar da mota gaban bango, a kashe inji, a kunna fitila. Aparanti ya tsaya yana kallon bango, direba ya riƙa girgiza wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wayar da aka taɓa haske ya motsa, ita ce mai laifi.

In haske yana tsaye da inji kashe, amma da an tayar da inji ya fara rawa ko mota ba ta motsa ba, a tuhumi dinamo da regilatar. A fara da fanbel. A kashe inji, a danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita 1, ko ya tsattsage, ko yana sheƙi kamar an shafa mai, to zamewa yake yi. Fanbel mai zamewa yakan yi ƙara da safe, in an tayar da mota.

In haske yana dusashewa ƙwarai lokacin da mota ke tsaye, ya dawo in an taka totur, ko batir ya gaji, ko dinamo ba ya ba da wuta isasshe. In kuma haske ya yi fari fiye da kima, ƙwai suna yawan ƙonewa, batir yana zafi yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to regilatar ya daina gadi. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ba ya jira.

Akwai jar fitila mai hoton batir gaban direba. In ta kama, ko tana ƙiftawa ana cikin tafiya, dinamo ba ya cika batir yadda ya kamata. Mota tana ci daga rumbu ke nan, ba a zubawa. Da dare, fitilu suna kunne, rumbun ba ya daɗewa.

TAMBAYA TA 3: ME AKA ƘARA MA MOTA?

Direbobi suna son ƙara rediyo mai manyan lasifika, da fitilun ado, da wurin cajin wayar salula. Kowane ɗaya yana shan wuta. In an yanke waya aka murɗa wata a kai aka naɗe da leda, wannan haɗi zai saki, ko yau ko gobe. Haka kuma fararen ƙwai na zamani da ake kira LED: masu arha cikinsu sukan yi ƙifta ido in sun yi zafi, ko in ba su dace da motar ba. In ciwon ya fara bayan an ƙara wani abu, a cire abin a gani.

YADDA AKE WANKE KAN BATIR

Nan karatu yake da rana. Bisa batir akwai alamu biyu da kowane ɗalibi ya sani daga darasin lissafi: alamar tarawa (+) da alamar ɗebewa (−).

1. A kashe inji, a zare makulli.
2. A fara kwance mai alamar ɗebewa (−), sannan mai alamar tarawa (+). In an fara da (+), sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi.
3. A jiƙa ƴar kanwa cikin ruwa, a wanke farin garin da ita. Kanwa tana kashe kaifin ruwan batir. Amma kada ko ɗigo ya shiga cikin batir, zai lalata shi.
4. A goge da burushin ƙarfe har dalma ta yi haske, a bari ta bushe.
5. A mayar da (+) da farko, (−) daga baya. A ɗaure har hannu ya kasa juya shi. A shafa ɗan giris a sama.
6. A bi wayar mas har inda take ɗaure da jikin mota, a kankare tsatsa, a ɗaure.

Batir shi kansa a ɗaure shi a mazauninsa. Batir mai tsalle cikin gargada ba ya barin kansa ya zauna.

ABIN DA AWO ZAI NUNA

Mai gyara na ƙwarai yana da ɗan agogon awon wuta. Batir na ƙaramar mota, in ya cika kuma inji yana kashe, yana nuna volt 12 da rabi, ko sama kaɗan. In inji yana aiki, awo ya kamata ya tsaya tsakanin 13 da rabi da 14 da rabi. In bai wuce 12 da ɗoriya ba, dinamo ba ya aiki. In ya haura 15, regilatar ya lalace. Manyan motocin kaya suna da batir biyu, volt 24: a ninka waɗannan lambobi. Mai mota ya nemi a auna gabansa, ya karanta lambar da idonsa, kafin ya biya kuɗin sabon batir ko sabon dinamo. Mutane da yawa sun sayi batir alhali noti ne ya saki.

ABUBUWA 5 DA BA A YI

1. Ba a cire kan batir inji yana aiki don a gwada dinamo. Tsohuwar dabara ce, tana ƙona altarnatar da sauran kayan wuta.
2. Ba a sa waya ko takardar kwalin taba madadin fis. Fis yana ƙonewa ne don kada mota ta ƙone. Akwai lamba bisa kansa, 10 ko 15 ko 20. A mayar da mai lamba irin tasa. In ya sake ƙonewa, waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe.
3. Ba a haska batir da ashana, ba a shan taba kusa da shi. Yana fitar da iska mai kama wuta.
4. Ba a zuba ma batir ruwan rijiya. Akwai tataccen ruwa da ake sayarwa don haka. In ruwan cikin batir ya taɓa ido ko fata, a wanke da ruwa mai yawa nan take, in ido ne a tafi likita.
5. Ba a kama gilashin sabon ƙwai da yatsa. Maiƙon hannu yana sa shi saurin ƙonewa. A riƙe shi da tsabtataccen ƙyalle.

MASU MOTO

Yanzu moto ya shiga kowane ƙauye. A wasu ƙananan moto, fitila tana shan wuta kai tsaye daga inji. Irin wannan, in haske ya ragu lokacin da inji ke tafiya a hankali, ba ciwo ba ne. Amma in yana yankewa ana cikin gudu, a duba mazaunin ƙwai da wayoyin da ke lanƙwasawa wajen wuyan moto. Nan suka fi tsinkewa.

IN TA ƊAUKE ANA CIKIN TAFIYA

Direba ya rage gudu a hankali, ya sauka gefen dama, ya fitar da mota daga kan hanya gaba ɗaya. A sa alama nesa a baya. Fasinjoji su sauka su nisanci kwalta. Kada a ci gaba da tafiya aparanti yana haska hanya da tocila. Kada kuma a ce ido ɗaya ya isa: mai zuwa daga gaba zai ɗauka moto ne, ya matso, a yi karo.

Makiyayi da mai amalanke su ma su lura. Ba kowace mota ke ganin su ba. A riƙe tocila, a ɗaura abu mai ƙyalli bayan amalanke, kada a kora bisashe bisa kwalta sai an tabbata hanya ba kowa.

Fasinja ya biya kuɗinsa, yana da bakin magana. Tun a tasha, kafin rana ta faɗi, yana iya cewa direba ya kunna fitila a gani. Ba rashin kunya ba ne. Direban kirki ba zai ji haushi ba, don shi ma yana da iyali da ke jiran shi.

Wanda ya karanta wanga shafi, ya karanta ma direban garinsu da aparantinsa. Allah ya kai kowa gida lafiya. Sai wata mai zuwa.