Sanin Ɗaukar Hoto Ba Abin Rowa Ba Ne

Wanda ya bi ta Makarfi a lokacin saran rake ya ga abin da ya cancanci adanawa: damman rake jibge a bakin hanya, hayaƙin masu dafa mazarƙwaila, 'yan dako suna loda motoci. Haka lamarin yake a fadamun Kudan da gonakin tumatir na Ikara. Matasanmu da dama na yawo da kyamara a aljihu, amma a nemi hoto mai kyau na waɗannan wurare na shekara goma baya, da wuya a samu. A ganina, na'ura ta wadata. Abin da ya yi ƙaranci shi ne musayar sani tsakanin gwani da ɗan koyo.

Yawancin abin da ke ɓata hoto ƙaramin sani ne ke gyara shi. Ƙurar hunturu takan kwanta a gilashin kyamara, sai a goge da ƙyalle mai laushi kafin a ɗauka. Ranar tsaka takan jefa inuwa a idon mutum, shi ya sa hasken hantsi da na bayan la'asar suka fi. Idan rana na bayan wanda ake ɗauka, fuskarsa za ta yi duhu. Jawo hoto da yatsu a yawancin wayoyi yana rage kaifinsa, gara mutum ya matsa kusa. WhatsApp kuwa yana matse hoto, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Duk wannan ana iya koyar da shi a zama guda, muddin mai tambaya bai ji kunya ba, mai amsa kuma bai yi izgili ba. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai kuma dattawan da suka yi sana'ar hoto a zamanin fim, suna wanke shi a ɗakin duhu. Kamfanin Kodak kansa ya durƙushe a 2012 bayan kasuwar fim ta mutu, balle ƙaramin shago a ƙauye. Amma saninsu na haske da tsayuwar mutum bai tsufa ba, kuma a akwatunansu akwai hotunan hawan salla da na bukukuwa da babu kwafinsu ko'ina.

Wani zai ce mai sana'a ba zai koyar da wanda zai ƙwace masa abinci ba. Tsoron yana da tushe. Sai dai waya ta riga ta shiga hannun kowa, kuma wanda ya fahimci wahalar hoto mai kyau shi ya fi yarda ya biya gwani ranar biki.

Shawarata ita ce masu sha'awa su riƙa haɗuwa wata-wata, a Ikara, Makarfi ko Hunƙuyi, kowa ya kawo hoto uku a duba tare. Darasin farko ya zama neman izini, musamman kafin ɗaukar mata da yara. A buga waɗanda suka fi kyau, a rubuta wuri da kwanan wata a bayansu. Gidan Arewa da ke Kaduna yana adana kayan tarihi tun 1970, amma ba zai adana abin da ya ɓace tare da wayar da ta lalace ba.